Neman aikin haɗa kayan sauti da na lantarki a mota

Yawancin matasan da suke neman aikin saka rediyo da lasifika a cikin mota sha'awar sauti ce take kawo su, kuma wannan sha'awa abu ne mai kyau, domin ita ce take riƙe mutum a sana'ar ranar da aiki ya yi tsanani. Sai dai na daɗe ina lura cewa mai wurin aiki ba ya ɗaukar mutum don yana son kiɗa mai girgiza gilashi, ko don ya haddace sunayen kamfanoni irin su Pioneer da Kenwood da Alpine. Wanda yake nema shi ne mutumin da zai miƙa wa makullin motar da ba tasa ba, ya juya ya kama wani aiki hankalinsa kwance. Kusan dukkan aikin mai haɗa kaya a ɓoye yake, a bayan dashbod, a ƙarƙashin kafet, a cikin ƙofa, inda mai mota ba zai taɓa leƙawa ba sai ranar da wani abu ya lalace. Saboda haka duk tambayar da za a yi wa mai neman aiki, da duk gwajin da za a ba shi, manufarsu ɗaya ce: a gane yadda yake aiki a wurin da babu mai ganinsa.

Sana'ar ta tsufa fiye da yadda mutane suke zato. A shekarar 1930 kamfanin Galvin na Amurka ya fitar da rediyon mota mai suna Motorola, kuma tun daga lokacin ake buƙatar masu hannu da za su ɗaura irin waɗannan kaya. Abin da ya sauya shi ne motar kanta. A da, rediyo akwati ne mai zaman kansa, a ba shi wuta, a haɗa masa eriya da lasifika, shi ke nan. A yau motoci da yawa suna ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa da suke magana da juna ta hanyar tsarin wayoyi da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a shekarar 1986. A irin wannan mota rediyon na iya zama shi ne yake nuna yanayin na'urar sanyaya ɗaki, shi yake fitar da ƙarar gargaɗi idan an bar ƙofa a buɗe, shi yake karɓar umarni daga maɓallan da suke jikin sitiyari. Wanda ya cire shi ba tare da sanin haka ba zai mayar wa mai mota da mota mai sabon sauti wadda ta rasa abubuwa uku ko huɗu da take yi a da. Wannan shi ya sa masu ɗaukar aiki suka fi damuwa da sanin lantarki a kan sanin sauti.

Ilimin da ake buƙata a farko ba shi da yawa, amma dole ya zauna daram a kai. Batirin ƙaramar mota na bolt 12 ne, idan ya cika kuma injin a kashe yake mita za ta nuna kusan 12.6, idan kuma injin yana aiki altaneta tana caji, za a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Dole mutum ya san cewa wat yana fitowa ne daga ninka bolt da amfiya, domin da wannan lissafi ake sanin kaurin wayar da za a ja. Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da take ba da wat 600 za ta ja amfiya sama da 40 ko da ba ta ɓarnatar da komai, kuma da yake kowace amfilifaya tana mayar da wani kaso na wutar zuwa zafi, a zahiri abin da za ta ja ya haura 50. Waya kamar bututun ruwa take, idan ta yi siriri ga abin da ake so ya bi ta ciki, sai ta yi zafi, wutar da take isa ƙarshe ta ragu. A ma'aunin kaurin waya na Amurka, wanda kayan sautin mota suka fi amfani da shi, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri, don haka lamba 4 ta fi lamba 8 kauri. Akwai kuma wayar da ake sayarwa mai kama da tagulla alhali cikinta alminiyam ne aka yi wa rufin tagulla, wadda ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla zalla mai kauri ɗaya da ita. Mai neman aiki da ya iya yanke bakin waya ya duba launin cikinta ya faɗi wace iri ce, ya riga ya nuna cewa ya taɓa aikin da hannunsa.

Haka nan maganar om a lasifika, wato ma'aunin turjiyar da take yi wa wutar da take bi ta cikinta. Yawancin lasifikokin mota om 4 ne. Idan aka haɗa biyu kai da kai, wutsiya da wutsiya, sai su koma om 2, idan kuma aka jera su ɗaya na bin ɗaya sai su zama om 8. Amfilifayar da ba a ƙera ta don ɗaukar om 2 ba, za ta yi zafi ta riƙa kashe kanta, ko ma ta ƙone. Wannan tambaya tana yawan fitowa a lokacin tattaunawar ɗaukar aiki, domin amsarta gajera ce kuma ba a iya kame-kame a kanta.

Idan da za a ce in zaɓi abu guda da nake ganin shi ne yake raba wanda ya fahimci aikin da wanda yake kwaikwayo, fis zan zaɓa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa fis ɗin da ake sa wa babbar wayar wuta yana kare amfilifaya ne, saboda haka sai su kai shi can baya kusa da ita a cikin but. Alhali wayar yake karewa. Wannan waya tana tasowa daga kan batir, ta huda bangon ƙarfen da ya raba injin da ɗakin fasinja, ta bi ƙarƙashin kafet har zuwa bayan mota, kuma a duk tsawon wannan tafiya jikin motar da take gogawa shi ne ɗaya ɓangaren batirin. Ranar da ƙarfe ya yanke robar wayar a tsakiyar hanya, batir zai zuba ɗaruruwan amfiya a wurin cikin ƙiftawar ido, kuma fis ɗin da yake can baya ba zai yi komai ba, domin wutar ba ta ma isa gare shi ba. Haka motoci suke kamawa da wuta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a sa fis a kusa da batir, kada nisan ya wuce inci 18, wato kimanin santimita 45, a kuma zaɓi girmansa gwargwadon abin da wayar take iya ɗauka. Inda wayar ta huda ƙarfe kuwa, dole a sa mata zoben roba. Ina jin takaici ƙwarai duk lokacin da na ga motar da aka kashe mata kuɗi masu yawa a kan lasifika amma aka bar babbar waya tana kwance a kan kaifin ƙarfe, domin wanda ya yi wannan aiki da rayukan mutane ya yi wasa, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai wayoyin da ba a taɓawa da garaje. Wayoyin jakar iska, wadda take kumbura ta kare mutum a lokacin haɗari, galibi launin rawaya ake yi musu ko a yi wa mahaɗarsu, kuma ba a soka musu fitilar gwaji irin ta da, domin wutar da take bi ta cikinta na iya tayar da jakar a fuskar mai aiki. A motoci masu amfani da lantarki, da waɗanda suka haɗa fetur da lantarki, wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da ɗaruruwan bolt, kuma ba hurumin mai saka rediyo ba ne sam. Mita mai nuna lambobi ita ce abin gwajin da ya dace da motar zamani. Mai neman aiki da ya ambaci waɗannan abubuwa da kansa, kafin a tambaye shi, yana kwantar wa mai wurin hankali fiye da duk wata takarda.

Duk wannan ana iya fara koyonsa kafin a je neman aiki, kuma shawarata ita ce kada mutum ya je hannu rabbana. Tsohon rediyon mota, da batir, da lasifika biyu, da ɗaurin wayoyin da aka cire daga motar da ta mutu, sun isa a yi makonni ana gwaji a kan tebur. A nan ne ake haddace launukan wayoyin rediyon da ake saye daban: rawaya ta wutar da ba ta yankewa, ja ta wutar da take zuwa idan an murɗa makulli, baƙa ta haɗawa da jikin mota, shuɗiya mai farin layi ta tayar da amfilifaya, sai fara da ruwan toka na lasifikokin gaba, kore da shunayya na baya. A nan ne kuma mutum zai gane cewa waɗannan launuka na rediyon ne kawai, wayoyin motar kansu kowane kamfani da nasa tsarin, don haka sai an duba zanen wayarin kuma an tabbatar da mita. Ramin rediyo ma yana da ma'auni, mai hawa ɗaya faɗinsa milimita 180 tsayinsa 50, mai hawa biyu tsayinsa 100, ko da yake sababbin motoci da yawa sun bar wannan tsari, sai an nemo musu firam na musamman. Bayan tebur sai motar mutum ko ta ɗan'uwa da ya yarda, kuma a kowane aiki a ɗauki hoto. Hoton da yake da amfani shi ne na bayan rediyo kafin a mayar da shi, na yadda aka ɗaure wayoyi, na wurin da aka kankare fenti aka ɗaure baƙar waya a jikin ƙarfe, na fis a kusa da batir. Gani ya kori ji, kuma mai wurin aiki da ya ga irin waɗannan hotuna ya san da wa yake magana.

Takardar shaida tana taimakawa a inda ake da ita. A Amurka akwai shaidar ƙwarewa ta MECP, ta masu haɗa kayan lantarki a mota, wadda manyan shagunan kayan lantarki da ƙananan wuraren aiki suka san da ita, kuma tana da matakai daga na mai farawa zuwa na gwani. A wasu ƙasashen kwas ɗin lantarkin mota a makarantar koyon sana'a shi ne yake tsayawa a matsayinta. Takarda tana buɗe ƙofar tattaunawa, amma ban taɓa ganin ta maye gurbin gwajin hannu ba. Lasisin tuƙi kuma kada a raina shi, domin ma'aikaci zai riƙa shigar da motocin mutane yana fitar da su, kuma wurare da dama ba sa ɗaukar wanda ba shi da shi.

Wuraren da ake samun aikin sun fi shagon sauti yawa. Dillalan motoci suna buƙatar masu saka kyamarar baya da allon taɓawa, kamfanonin da suke da tarin motoci suna buƙatar masu saka na'urar bin sawu da kyamarar gaba, akwai masu shirya motocin asibiti da na jami'an tsaro da fitilu da jiniya da rediyon sadarwa, akwai kuma masu aikin jiragen ruwa ƙanana. Wanda ya ƙi aikin na'urar bin sawu don yana ganin ba shi da armashi ya yi wa kansa asara, domin a nan ne ake koyon nemo wayar wuta da ta makulli a motoci iri-iri cikin sauri, kuma wannan ilimi shi ne jarin da zai kai shagon sauti daga baya.

A ganina zuwa da kai ya fi aika takarda, musamman a ƙananan wurare inda mai wurin shi ne yake ɗaukar aiki kuma shi ne yake kwance a ƙarƙashin dashbod. A zaɓi lokacin da babu cunkoso, a yi gaisuwa, a faɗi abin da ya kawo mutum a taƙaice. Na taɓa tsayawa a gefe ina kallon yadda wani dattijo mai wurin aiki ya gwada wani saurayi. Bai tambaye shi makarantar da ya yi ba. Ya ɗauko guntayen waya biyu daga ƙasa, ya ajiye masa filaya da abin feɗe waya da dalma da robar da take tsukewa idan ta ji zafi, ya ce, “Samari, haɗa mini waɗannan.” Saurayin ya zura robar a jikin waya ɗaya tun kafin ya fara, ya feɗe bakunan ba tare da ya yanke ko silin tagulla ɗaya ba, ya murɗe su, ya ɗora zafi a kan wayar har dalmar ta narke ta shige ciki da kanta, sannan ya jawo robar ya rufe. Dattijon ya karɓa ya ja da ƙarfi da hannu biyu, bai rabu ba. Sai ya nuna masa ƙofar wata mota ya ce ya cire marfinta na ciki. Saurayin ya zagaya yatsa a gefen marfin, ya sami sukurori biyu, ya tsaya, ya ce, “Maigida, ban taɓa buɗe irin wannan ba, ina jin akwai wani sukuru a ɓoye a bayan hannun ƙofar, a nuna mini kafin in ja.” Wannan tsayawar ce ta ba shi aikin. Da ya finciko marfin ya karya maƙallan robar, da ƙofar ta riƙa ƙara a kan hanya har abada, kuma mai wurin ne zai biya.

Wannan ya kawo ni ga maganar gaskiya a lokacin tattaunawa. Babu mai wurin aiki da yake tsammanin sabon ma'aikaci ya san kowace mota, domin shi kansa bai sani ba, kullum yana duba bayanan wayarin a kwamfuta. Abin da yake tsoro shi ne wanda zai ce ya iya alhali bai iya ba, ya yanke wayar da ba ita ba ce, ya naɗe ta da salatif ya yi shiru. Irin wannan ɓarna ba ta fitowa a ranar. Mota za ta dawo bayan mako guda batirinta yana mutuwa kowace safiya, a ɗaura mita a ga tana shan wuta fiye da kima a kashe, alhali motar da take lafiya galibi ba ta wuce miliamfiya 50 bayan kwamfutocinta sun yi barci, a bi sawu a tarar an haɗa wayar tayar da amfilifaya da wutar da ba ta yankewa, amfilifayar tana kunne dare da rana. Ko kuma a ji wani siririn kuka a lasifika yana tashi yana sauka tare da totur, a tarar an ɗaure baƙar waya a kan fenti. Kowace mota da ta dawo asarar lokaci ce da ta suna, kuma sunan wurin ne yake zubewa kafin na ma'aikacin.

Ya kamata mai neman aiki ya san wahalar da take jiransa, don kada ya shiga da wani zato ya fita da wani. Sa'o'i ake yi a kwance a kan daɓen cikin mota, kai a wajen birki, ƙafafu a kan kujera, hannu a cikin ramin da ido ba ya gani, gefen ƙarfe yana yankar yatsu. Watannin farko galibi na cire marafen ƙofa ne, da jan waya, da share wurin aiki, da sauya lasifika, kafin a bar mutum ya taɓa amfilifaya ko ya ƙera akwatin babbar lasifika. Kunne kuma kayan aiki ne da ba a sayen wani idan ya lalace, kuma masana lafiyar ma'aikata sun yi gargaɗi cewa ƙarar da ta kai desibel 85 tana iya cutar da ji idan aka daɗe cikinta na tsawon sa'o'in aiki, alhali motocin da ake gwadawa suna wuce haka nesa ba kusa ba. Sana'ar ba ta keɓanta ga maza ba, ƙananan hannaye da haƙuri sun fi ƙarfin damtse amfani a bayan dashbod.

Wanda yake son ya daɗe a aikin sai ya kalli inda yake dosa. Apple CarPlay ya fito a 2014, Android Auto ya biyo baya a 2015, dukkansu tsare-tsare ne na haɗa wayar salula da allon mota, kuma tun watan Mayun 2018 doka ta wajabta kyamarar baya a sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka, saboda haka masu tsofaffin motoci suna son a saka musu abin da sababbi suke zuwa da shi, masu sababbi kuma suna son a gyara sauti ba tare da an cire allon kamfani ba. Aikin ya koma na ɗaukar sauti daga tsarin da motar ta zo da shi, a bi da shi ta na'urar tace sauti, a daidaita shi da kwamfuta da makirfon. Ma'aikacin da ya iya wannan, ya kuma san cewa maɓallin daidaita shigar sauti a jikin amfilifaya ba na ƙara murya ba ne, idan aka murɗe shi fiye da kima sautin yana gurɓacewa ya ƙone ƙananan lasifikoki, ba zai rasa mai nemansa ba.

Idan aka yi tayin aiki, akwai abubuwan da ya dace a tambaya cikin ladabi kafin a amsa. Wasu wuraren suna biya ne a kan sa'a, wasu a kan kowane aiki da aka gama, wasu suna ƙara kaso daga kayan da aka sayar, kuma biyan kowane aiki yana cutar da mai farawa domin hannunsa bai yi sauri ba tukuna, yana kuma jan mutum zuwa gaggawar da take haifar da ɓarna. A tambayi wanda yake da alhakin kawo kayan aiki, domin a wurare da yawa ma'aikaci ne yake zuwa da mitarsa da filayarsa da robobin ɓamɓare marafe. A tambayi abin da ake yi idan ma'aikaci ya fasa allo ko ya ƙona kwamfutar mota, ko wurin yana da inshora, ko daga albashi ake cirewa, a kuma nemi a rubuta amsar. Sannan a lura ko suna zagaya mota tare da mai ita kafin a fara aiki, a rubuta duk wani ƙarce da duk fitilar gargaɗin da take kunne a dashbod, a gwada gilasai da makullai da hon. Wurin da yake yin haka yana kare ma'aikacinsa daga zargin abin da bai yi ba, kuma ko da albashinsa ya ɗan gaza na wani wurin, shi zan ce mai farawa ya zaɓa.